Sai Sarki Ya Zauna

Shekara uku da wata biyar ke nan da saukar Tsohon Sarki daga gadon mulki, amma har yau ba a gama shawarar inda za a ajiye shi ba. Majalisa ta yi zama biyu a kan sunan da za a riƙa kiransa da shi, jaridu suka yi ta cacar baki, da kowa ya gaji sai aka bar shi da Tsohon Sarki, yadda ake cewa tsohuwar tasha. Mutanen gida kuwa Baba suke ce masa. An ba shi gida mai ɗaki tara a bayan gari, da mota biyu, da kuku, da masu gadi shida waɗanda bai taɓa ganewa ba ko mutane suke hana shiga ko shi suke hana fita.

Kada wani ya ce maka waliyyi ne aka zalunta. Shekara talatin da takwas ya yi a kan mulki, kuma a duk tsawon wannan lokaci ba wanda ya taɓa shiga ofishinsa da dariya ya fito da ita. Bai kuma sauka don ransa ya so ba. Ƙafarsa ta hagu ce ta fara yi masa gardama, likitoci suka fara ƙus-ƙus a bayan ƙofa, sai ga jarida ta tono maganar wani fili da ya gina gidan hutu a kai alhali ba nasa ba ne. Firayim Minista ya zo masa da takarda da alƙalami da fuskar tausayi. Ya sa hannu, ɗansa ya hau.

Tun daga ranar ba a sake ganinsa a taro ba. A buɗe majalisa, a karɓi baƙin ƙasashe, a buɗe asibitin da aka sa wa sunan marigayiya matarsa, duk sai dai wasiƙa mai layi uku ta zo daga fada, wai ya zauna a gida saboda lafiyarsa. Yakan karanta, ya ninke, ya ce dama bai yi niyyar zuwa ba. Ƙarya yake yi, kuma ko kuku ya sani.

Ana nan sai ga bikin Tsigi.

Tsigi jikarsa ce, babbar 'yar Sarkin yanzu. Shi ya laƙaba mata sunan ranar da aka miƙo masa ita a tawul, 'yar ficiciya, ba ta cika tafin hannunsa biyu ba. A duk fadar nan ita kaɗai ce ke shiga ofishinsa ba ƙwanƙwasawa. Ana maganar ƙasa a saman tebur, ita tana ƙarƙashi tana kwance masa igiyar takalmi. Da aka kai shi bayan gari, 'ya'yansa suka mai da zuwa gaishe shi abin sau biyu a shekara, ita kuwa duk Asabar sai ta zo, ta cinye masa biskit, ta yi masa tsiya, ta tafi. Yana sonta fiye da yadda ya taɓa son wani ɗa da ya haifa, kuma bai taɓa wahalar da kansa wajen ɓoye wa 'ya'yan hakan ba.

"Kaka," ta ce masa wata Asabar, tana kakkaɓe garin biskit daga cinyarta, "na samu wanda ya fi ka ƙafa. Sai ka ba ni takardata."

"Wannan mai dogon wuyan? Saboda shi za ki bar ni?"

"Shi dai. Ya iya tuƙi, kai kuwa ko ƙofar mota ba ka iya buɗewa ba."

"Buɗe ƙofa ba aikina ba ne, ja'ira."

Ta yi dariya, sannan ta daina. Ta kamo hannunsa tana wasa da yatsun. "Za ka zo, ko? Liyafar rana ce, a Babban Zaure. Ni dai idan aka buɗe ƙofa na shigo, kai nake so in fara gani. Ka zauna inda zan gan ka."

"Zan zo," ya ce. Bai yi tunanin tambayar kowa ba, don ya saba ba ya tambaya. Sai da motarta ta fita ya tuna cewa yanzu zuwansa ko'ina a hannun wani yake.

Ya zauna ya rubuta wa ɗansa wasiƙa da hannunsa. Ɗan nan tun yana ƙarami ba shi da magana, kallo ne nasa, shi ya sa uban ya sa masa Malam Shiru, yana kiransa haka a gaban baƙi har bayan ya fara furfura. A wasiƙa kuwa dole a rubuta Mai Martaba. Sau uku yana yaga takarda kafin hannunsa ya yarda.

Malam Shiru bai ba da amsa ba. Sai ya turo Mai Tsari.

Mai Tsari mace ce mai shekara hamsin da 'yan kai, gajera, mai tabarau da sarƙa a wuya. Ita ke tsara duk wani taron fada: wa zai shigo ta wace ƙofa, wa zai zauna a gaban wa, wa zai fara ɗaga cokali. Tsohon Sarki da kansa ya ɗauke ta aiki tana 'yar budurwa, shi ya koya mata cewa a taro ba a yi wa kowa alfarma, ta kuwa koya da kyau. Ta zauna a bakin kujera, ta buɗe fayil a cinyarta.

"Ranka ya daɗe, Mai Martaba ya amince ka halarta. Amma da sharaɗi."

"Faɗi."

"Za ka riga kowa zuwa. Kujerarka tana sahun gaba, ta ƙarshe daga hagu, a ƙasa, ba a kan dandamali ba. Idan aka sa taken ƙasa Mai Martaba ya shigo, za ka miƙe kamar kowa. Da ƙafarka, ba sanda, ba mai riƙe ka. Kuma ba za ka zauna ba sai ya zauna. Idan ya zauna, sannan a buɗe farar ƙofa amarya ta shigo."

"In na tashi da sanda fa? Ƙasar rushewa za ta yi?"

"Ranka ya daɗe, kyamara bakwai za a kafa. Idan aka ga ana ɗaga ka, gobe jarida za ta ce Sarki na wahalar da mahaifinsa mara lafiya. Idan aka ga kowa a tsaye kai kana zaune, za ta ce sarki biyu ne a ƙasar. Mai Martaba ba ya son ko ɗaya. In ba zai yiwu ba a bari tun yanzu, ba mai ganin laifinka. In kuma abin ya gagara a tsakiyar taro, dole a fita da kai kafin a ci gaba."

"Wane mara aikin yi ne ya ƙirƙiro wannan doka?"

Ta dube shi ta saman tabarau. "Kai ne, ranka ya daɗe. Littafin tsarin fada, shafi na sha ɗaya. Ba mai zama Sarki na tsaye, ba babba ba yaro, ba mai lafiya ba mara lafiya. Wannan na ƙarshen da jan biro ka ƙara shi."

Ya tuna. Har biron ya tuna. Ransa ya ɓaci ƙwarai, amma ba a kan dokar ba, don har gobe yana ganin doka ce mai kyau. Abin da ya ƙona masa rai shi ne yadda ta faɗa ba ko rawar murya.

"Ki gaya masa na yarda. Kuma ki aiko min da kujera ɗaya daga zauren, irin wadda zan zauna a kai."

Kashegari kujerar ta iso. Ya san irinta, shi ya zaɓe su daga cikin hotuna shekara ashirin da suka wuce: siraran ƙafafu masu ruwan zinariya, jan matashi, gajeru, ba hannu. Ya zaɓe su ne don suna kyau a hoto. Bai taɓa zama a kan ko ɗaya ba, balle ya san tashi daga kanta aiki ne.

Akwai matar da ke zuwa yi masa gashin ƙafa sau uku a mako, kowa a gidan Mai Gashi yake ce mata. Ƙatuwa ce, mai fara'a, kuma ba ta san tsoronsa ba, don lokacin da yake ban tsoro tana makaranta. Ta zagaya kujerar sau biyu tana riƙe da ƙugu.

"Baba, wanda ya zaɓi kujerar nan ba ya ƙaunar tsofaffi."

"Yi aikinki."

"To. Ja ƙafafu baya. Ƙara. Matso bakin kujera. Hanci ya wuce gwiwa, sannan ka danna ƙasa kamar kana jin haushinta. Mu gani."

Ranar farko bai tashi ba. Ya ɗago kaɗan, ya koma daɓas, iska ta kuɓuce masa da ƙara, Mai Gashi ta yi kamar wayarta take dubawa. Da a da ne, da kafin yamma an mai da ita wani asibitin ƙauye don kawai ta ji. Yanzu kuwa cewa ya yi, "Sake."

Rana ta huɗu ya tashi, bayan ya yi lilo sau biyar. Mai Gashi ta ce lilon nan ba zai yi kyau a kyamara ba, suka shiga rage shi. Ta sa taken ƙasa a wayarta ta ajiye a kan tebur. Waƙar nan ya ji ta sau dubbai, amma kullum yana tafe ake yi masa ita. Bai taɓa lura layin farko gajere ba ne sai yanzu da ya zama dole a same shi a tsaye kafin ya ƙare.

A mako na biyu ta ce, "Baba, tashi daban, tsayuwa daban. Minti nawa za ka yi a tsaye?"

Nan ya yi murmushi, don an zo wurin da ya fi kowa sani. "Daga babbar ƙofa zuwa kujerar Sarki taku hamsin da biyu ne. Shekara talatin da takwas ina taka su. Minti ɗaya da rabi, in an yi a natse."

"To mu yi uku, saboda tsaro."

"Mu yi huɗu," ya ce, don shi ba a fin shi.

Suka kuwa yi huɗu. Mako biyar ana abu ɗaya, safe da la'asar, ko Mai Gashi ta zo ko ba ta zo ba. Ya bar sukari, ya bar biskit, wandonsa ya fara yi masa yawa. Ya koyi kulle gwiwa, ya koyi kafa ido a kan wata ƙusa da ke jikin bango, ya koyi yadda ake numfashi idan ƙafar hagu ta fara kaɗawa a minti na uku. Kuku ya ce tun da yake bai taɓa ganin Baba ya yi aiki irin wannan ba, kuma gaskiya ya faɗa. Duk ranar Asabar sai a kai kujerar ɗakin ajiya a rufe, saboda ba ya so Tsigi ta san sai da ya ci jarrabawa kafin a bar shi ya zo bikinta. Ita kuwa ta ga ya rame, ta ce kishi ne ke cin sa, ya ce ai dole.

Saura kwana uku aka kira shi gwaji. Zauren cike da masu shara da masu jan waya. Sarki bai zo ba, dama sarki ba ya zuwa gwaji. A madadinsa aka tsayar da mai gyaran fitilu, saboda tsayinsu ɗaya, aka rataya masa kwali a wuya an rubuta SARKI da manyan baƙaƙe. Mutumin da filaya a aljihun baya, sai sosa ƙeya yake yi don kunya.

Aka sa take. Tsohon Sarki ya ja ƙafa baya, hanci ya wuce gwiwa, ya miƙe wa mai gyaran fitilu tsaf tun layin farko bai ƙare ba. Mutumin ya taho da sauri kamar mai gudun kada mota ta tashi ta bar shi, kwali na lilo a ƙirjinsa, ya ɗofana a gefen babbar kujera. Minti ɗaya da daƙiƙa goma. Wata mai shara ta tafa sau biyu, ta ga ba mai taya ta, ta koma kan tsintsiyarta.

Mai Tsari ta dubi agogo, ta dube shi. "Ranka ya daɗe, in ta kama, za ka iya fin haka?"

"Minti huɗu nake yi," ya ce, yana hura hanci. "Huɗu cur. Tambayi mai gashina."

Ta rubuta a fayil. "Zan sanar da Mai Martaba."

A mota ya ji wani daɗi da rabonsa da irinsa tun kafin ya sauka. Har ya ce wa direba ya bi ta doguwar hanya, ya sauke gilashi, iska na dukan fuskarsa. Mutumin da ya yi shekara talatin da takwas ba ya bari abokin gaba ya san iyakarsa, yau ya faɗi tasa da bakinsa, da lamba, kuma ko a ransa bai tambayi abin da za a yi da ita ba.

Ranar biki, ƙarfe goma da rabi na safe aka shigar da shi ta ƙofar gefe. Mai Gashi aka tsayar da ita a waje, wai ba sunanta a jeri. Wani ya karɓi sandarsa da ladabi ya ce za a adana masa. Zaure ba kowa, kujera ɗari shida suna kallon dandamali. Shi bai taɓa ganin mutane suna shigowa zauren nan ba. A saninsa dama can a ciki suke. Yau ya ga yadda ake yi: ana neman suna a jikin kujera, ana 'yar rigima ƙasa-ƙasa, wani minista na zaƙulo abu daga haƙori da farce. A damansa an ajiye ƙatuwar tukunyar furanni, don kada ya samu maƙwabci. Waɗanda ya naɗa da hannunsa suka riƙa wucewa suna karanta katin gayyata kamar an ƙara wani sabon abu a ciki. Wani tsohon janar ne kaɗai ya fara rusunawa, matarsa ta ja masa hannun riga.

Ko a jikinsa. Daga inda yake, in ya ɗan karkata wuya ta gefen furannin, yana ganin farar ƙofa sarai, can ta dama. Duk wanda ya fito ta nan, shi zai fara gani. Har ya ji a ransa cewa Mai Tsari ta yi masa adalci.

Sha biyu daidai taken ƙasa ya tashi. Ya ja ƙafa baya, ya danna ƙasa, ya miƙe tsaf, ba lilo ko ɗaya. Ya ji kyamara ta juyo kansa, ya ɗaga haɓa. Babbar ƙofa a baya take, kuma ba a waiwaye, don haka ya shiga ƙirga takun a zuciyarsa. Ya kai hamsin da biyu, dandamali ba kowa. Take ya ƙare, dandamali ba kowa.

Ya saci kallo ta kan kafaɗa. Sarki na can sahun ƙarshe, ya riƙe hannun wani jakada da hannu biyu, yana tambayarsa wani abu yana gyaɗa kai. Malam Shiru, wanda sai ka yi masa tambaya uku kafin ka samu amsa ɗaya, yau shi ke jan hira. Ya saki jakada ya koma kan matar jakada. Ya gama da sahun nan mutum-mutum, ya matsa na gaba. Sahu ashirin da huɗu ne a zauren.

Nan Tsohon Sarki ya gane. Ba mai koya masa wannan, nasa ne. A shekararsa ta biyar a kan mulki akwai wani babban alƙali mai ciwon baya da ya ƙi ajiye aiki. Ranar wata liyafa a wannan zauren, shi Tsohon Sarki ya bi baƙi sahu-sahu yana gaisawa, minti ashirin da biyar, har alƙalin ya zube a gaban jama'a. Kafin mako ya zagayo alƙali ya kawo takardar ritaya. A ranar liyafar, a bayan Tsohon Sarki, akwai ɗansa, saurayi ɗan sha shida cikin sabon kaki, yana biye da shi sahu-sahu yana kallo.

Minti huɗu suka cika Sarki na sahu na shida daga baya. Tsohon Sarki ya kafa ido a kan babban agogon da ke saman dandamali, ya kulle gwiwa. A na shida ƙafar hagu ta fara kaɗawa sosai, ya mai da nauyinsa kan ta dama. Zufa ta biyo bayan kunnensa ta shige wuyan riga. A na takwas bayansa ya ɗauki zafi. Hannunsa ya nufi bakin tukunyar furanni, ya ga jar fitilar kyamara a kansa, ya mayar da shi. A baya yana jin 'yar dariyar baƙi, ana ta raɗa cewa wannan Sarki akwai sauƙin kai. Tsofaffin da suka ga ranar alƙali kuwa sun gane tsaf, kowa ya sunkuyar da kai yana duban takalminsa, ba wanda ya yi ko tari.

A ƙarƙashin farar ƙofa akwai 'yar tazara. Ya ga inuwa na motsi, ya ga bakin farin yadi ya leƙo ya koma. Tana nan, tana jira, bai fi taku goma sha biyar tsakaninsu ba. Tsoro ya kama shi, irin wanda bai ji ba ko ranar da ya sa hannu. Ya shiga lallashin ƙafarsa a zuci kamar mai lallashin jaki a kan gada.

Minti goma sha ɗaya. Goma sha uku. Da Mai Gashi na nan da ta yi ihu, don wannan ya ninka abin da suka koya har sau uku. Ƙafar hagu ya daina jinta kwata-kwata. Lambobin agogo suka fara haɗuwa da juna.

A na sha huɗu Sarki ya iso sahun gaba, kuma wurinsa ya fara nufa. Ya tsaya a gabansa, ya ɗan rusuna yadda kyamara za ta gani, ya dafa ƙirjinsa. Bai miƙo hannu ba, saboda hannu abin dafawa ne.

"Baba, sannu da zuwa. Ya ƙafar?"

"Da sauƙi, Allah ya taimaki Sarki." Muryar ta fito siririya. Ga dandamali nan, matakala uku kacal. Ya rage murya yadda ba mai ji sai su biyu. "Je ka zauna."

Sarki ya tsaya yana dubansa.

"Don Allah," in ji Tsohon Sarki. "Ka bari in gan ta, sannan ka yi yadda ka ga dama da ni. Ba zan sake neman zuwa ko'ina ba. Na ba ka alkawari. Don Allah, ɗana."

Bai taɓa roƙon mutum ba, kuma bai taɓa kiran wannan da ɗana ba. Shekara hamsin da biyu Malam Shiru ya yi ba a ce masa haka ba, ga alama kuma ya riga ya saba.

"Yanzun nan, Baba," ya ce a hankali. "Ban gaisa da dangin ango ba."

Ya juya ya tsallaka ɓangaren dama, inda dangin ango suka cika sahu huɗu. Ya fara da kakar ango, ya sunkuya yana sauraronta, ita kuwa kurma ce kuma mai son labari.

A ba tsohon nan haƙƙinsa: ya ƙara minti biyu cur, haƙora a cije, ido na ruwa. Sannan gwiwar dama, mai lafiyar, wadda bai taɓa zarginta ba, ta lanƙwashe. Bai faɗi ƙasa ba, da ya faɗi ma da wataƙila an tausaya. Zama ya yi, daɓas, kujera ta ja baya da ƙara a kan tayil, zaure ya yi tsit. Mutum ɗari shida a tsaye, Sarki a tsaye, shi a zaune, kyamarori duk sun juyo.

Ya ja ƙafa baya. Ya matso bakin kujera. Hanci ya wuce gwiwa, ya danna ƙasa da duk abin da ya rage masa. Ba abin da ya motsa.

Daga bayan labulen da ke kusa da shi sai ga keken marasa lafiya, da mutum biyu masu farar safar hannu, da likita rataye da abin awo. Ba wanda ya ruga ya nemo su, tun safe suna nan. Mai Tsari ta sunkuyo kusa da kunnensa.

"Ranka ya daɗe, likita zai duba ka a waje."

"Minti ɗaya. Zan tashi."

"Mun riga mun yi magana a kan wannan, ranka ya daɗe."

Suka ɗauke shi ta hammata cak, a hankali, cikin ladabi, ta yadda gobe ba mai cewa an wulaƙanta shi. Ya karkata wuya yana neman farar ƙofa, kafaɗar likita ta tare masa. Sarki ya waiwayo daga wurin kakar ango, fuskarsa cike da damuwa irin ta ɗa na gari, ya tsaya a haka har masu hoto suka ƙoshi. Aka tura keken ta ƙofar gefe.

Ƙofar ba ta gama rufuwa ba ya ji taku a kan matakala, ɗaya, biyu, uku, da sauri. Sai ƙarar kujeru ɗari shida gaba ɗaya. Sai kiɗa mai taushi ya tashi, jama'a suka saki numfashi irin na ganin abu mai kyau, tafi ya ɓarke.

"Tsaya," ya ce. "Juya ni. Nemana take yi. In leƙa kawai ta bakin ƙofa."

"Ba a ce mana haka ba, Baba," in ji mai tura keken, bai ko rage tafiya ba.

Ya kai hannu ya damƙe taya, keken ya karkace ya tsaya. Mai turawar ya sunkuyo, ya ɓanɓare masa yatsun ɗaya bayan ɗaya, a hankali, ya ɗora masa hannun a kan cinya, suka ci gaba da tafiya.